Yaya Ɗalhatu, Mai Neman Kabarin Baba Ja

Ina tankaɗe a tsakar gida aka ce wani Bafillace yana sallama, maza yake nema. Babu namiji a gidan, sai na fita. Bai dube ni ba. Ya miƙo mini hularka a naɗe, na buɗe na ga maɓallin tagullar nan da ba ka taɓa rabuwa da shi ba. Tun kafin ya buɗe baki na gane. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ranar Laraba ce, sha biyu ga Sha'aban, 'yan bindiga suka tare ka a hanyar Burkusuma, kana komowa gida Sabon Birni. Mutumin, Atiku sunansa, shi da 'yan'uwansa suka yi maka sutura, suka rufe ka cikin gaggawa suna jin ƙarar babura. Allah Ya saka musu.

Yaya, kai ka riƙe ni bayan rasuwar Baba. Kai ka riƙa ɗora ni a keke kana kai ni firamare, ɗan rubutun nan da nake yi yau naka ne. Da mijina ya kwanta ciwo, gonarmu ka fara yi wa noma kafin taka, har geronka ya sha ciyawa. Da na yi magana ka ce ciyawar ma ai tana son ta rayu.

Tun muna yara ake kiranmu jikokin Nasara saboda jan fatar gidanmu. Ni kuka nake yi, kai dariya. Labarin da muka taso da shi, wai kakan Inna, Baba Ja, sojan Ingila ne cikin waɗanda suka zo shata iyaka. Zazzaɓi ya kayar da shi, abokansa suka bar shi a wani ƙauye kusa da Burkusuma, ya warke ya ƙi komawa. Wasu su ce ya musulunta, har ya kwanta aka yi masa tsagar Gobirawa da girmansa. Wasu su ce a kan addininsa ya mutu, aka rufe shi bayan gari. Abin da ya bari kawai maɓallin rigarsa.

Wannan shakkar ce ta hana Inna sakat. Duk Juma'a tana sadakar fura tana kiran sunayen mamatanta, in ta zo kan Baba Ja sai ta tsallake sunansa, don ba ta san ko ya halatta ta roƙa masa gafara ba. A ciwonta na ajali ta riƙe hannunka ta ce, “Ɗalhatu, ka bincika mini. In namu ne, Musulmi, an daɗe ana barinsa da yunwa.”

Ka ɗauki maganar nan kamar farilla. Ka bi tsofaffi a garuruwan Isa da Turba da Gatawa, ana yi maka dariya, ana ce me za ka yi da ƙashin Bature. Daga baya ka gane inda ya kamata ka dosa. Ka ce mini in an yi masa aski da tsaga da abin da ke biyo bayan shiga Musulunci, to wanzami ne ya yi, gidan wanzamai kuwa ba su mance wanda askarsu ta taɓa. Ka samu labarin wani tsoho, Is'haƙa Wanzam, da ya gaji aska daga kakanni a wancan yanki. Na roƙe ka ka bari hanya ta lafa. Ka ce tsohon ya kusa barin duniya, hanya kuwa shekara nawa muna jiranta.

Ka tafi wurinsa. Ka kira ni da hantsi ranar da aka tare ka, waya tana yankewa. Na ji muryarka da fara'a. “Zulai, na gan shi, ya faɗa mini komai. Ki jiƙa gero, sai na iso.” Shi ke nan abin da na ji. Na jiƙa geron. Har yau ina juya maganar, ko sadakar Baba Ja kake nufi, ko furar da ka saba sha in ka dawo tafiya. Ban sani ba, kuma ba ni son in yi wa Allah ƙarya da zato.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya karɓe ka cikin shahidai, Ya yalwata maka makwanci duk inda yake. Sadiya, matar yayana, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya miki Hafizullahi da Khairat. Dangi da maƙwabta da kuka zo gaisuwa, mun gode.

Bayan harin, mutanen yankin sun watse, an ce Is'haƙa Wanzam ya ƙetara Nijar, ba wanda ya san garin da ya sauka. Atiku ma ya tashi da shanunsa. In hanya ta buɗe za ni nemansu. Har yanzu ba a kira sunan Baba Ja cikin sadaka ba, kuma ba wanda ya nuna mini kabarinka.