Neman Abin da Ke Ɓata wa Gwaggo Ciki

Mun tashi daga Azare ana idar da sallar asuba, ni da uwargida, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Ba yawon buɗe ido ne ya fitar da mu ba. Gwaggona da ta riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, wadda ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi cikin Kano, sau uku ke nan a wata guda tana kwanciya da amai da gudawa. Maƙwabciyarta ce ta kira ni a waya. Ta ce a kwanciyar ƙarshe sai da aka ƙara mata ruwa, kuma likita ya ce wani abu ne take ci, lallai a gano shi, don jikin tsufa ba zai ɗauki na huɗu ba.

Waɗanda suka san ni sun san halina a kan abinci. Ni ne mai shinshina burodi kafin in biya, ni ne mai ɗaga ledar ruwa a rana in ga ko da abin da ke yawo a ciki. Uwargida duba-gari take kirana, ba kuma yabo take nufi ba. Saboda haka na shiga mota da niyya guda, sai na kama mai laifi da hannuna.

Hanya ta yi mana kyau. Kaka ta shigo, an yanke gero, dawa ta sunkuya, ko'ina ka duba mata na tsinkar gyaɗa a gindin bishiya. A Wudil direba ya tsaya shan mai, nan take masu talla suka yi wa motar ƙawanya. Wata ta turo farantin soyayyen kifi har kusa da hancina. Kifin ya yi ja gwanin sha'awa, amma ni man da ke naso a takardar na duba, baƙi ƙirin, na ce a raina wannan man ya ga kasuwa uku ko huɗu. Ayabar da aka miƙo kuwa jikinta ruwan ɗorawa, hannunta kore shar, irin wadda aka nuna da magani ke nan. Uwargida ta sayi kifinta guda biyu, ta zauna kusa da ni tana ci tana lashe yatsu, duk don ta ba ni haushi. Na zuba mata ido har Kano, ko tari ba ta yi ba.

Wajen ƙarfe goma muka sauka a Unguwa Uku, muka hau Adaidaita Sahu. Da mai mashin ɗin ya faɗi kuɗin Gyaɗi-Gyaɗi na yi tsammanin ya gane baƙi ne mu, ashe haka kowa ke biya yanzu. A nan na tuna rabona da Kano tun kafin Babbar Sallah. Na aika wa Gwaggo kuɗin rago, na ce washegarin Sallah ina tafe, sai uzuri ya bi uzuri har wata huɗu. A watan da ya gabata ma sau uku ina kiranta in ce gobe ina hanya, sau uku ina fasawa.

Mun tarar da ita a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame har zoben hannunta na juyawa. Idonta ya yi yana, da murya take gane mutane. Ina yin sallama ta ce, "Babana, kai ne?" Haka take kirana, don sunan mahaifinta aka sa mini. Na ga yadda ta koma, amma na daure muka gaisa.

Ba mu daɗe da zama ba maƙwabciyar da ta kira ni ta shigo da kwano a rufe. Maman Rifkatu ake ce mata, malamar firamare ce 'yar Filato, ta fi shekara goma tana haya a gidan. Tun da idon Gwaggo ya yi rauni ita ke mata cefane, sau da yawa ma har girki. Gwate ta kawo, irin na mutanensu, ya sha yakuwa da gauta. Ni kuwa ko godiya ban gama ba na shiga tambaya. Yaushe aka dafa? Kwana ya yi a firij? Da aka ɗauke wuta jiya fa, awa nawa ya yi? Uwargida tana ta taka mini ƙafa.

Matar ta dube ni ta ce, "Malam, yau da safe na dafa. Kuma tukunya ɗaya muke ci, ni da Mama da 'ya'yana. Ni da yaran ba mu taɓa kwanciya ba."

Duk da haka ban janye zargina ba. Na ture kwanon gefe, na tashi na shiga bincike. Na leƙa randa, a wanke take tas. Na zazzage garin kunu a faifai ina neman tsutsa. Na shinshina man gyaɗa, na murza daddawa, na buɗe kwalbar yaji. Har mai ruwan da ke kawo musu jarkoki na tare a ƙofar gida, na sa ya buɗe mini su ɗaya bayan ɗaya, yana kallona kamar wanda ya zare. Ban samu komai ba.

Bayan azahar na ce a kai ni inda ake cefane. Maman Rifkatu ta yafa gyalenta, muka nufi kasuwar Tarauni. Gaskiya kasuwar na da tsari, kuma akwai kaya, amma mai neman abin zargi ba zai rasa ba. Ga fasasshen tumatir an ware a roba ana sayarwa da araha, ƙudaje sun yi masa rumfa. Ga manja wanda jansa ya wuce hankali. Ga kifin ƙanƙara da ya narke aka sake daskarar da shi, idonsa ya faɗa ciki. Sai dai duk inda na tsaya, sai in tarar ba nan take saye ba. Mai tumatirinta lafiyayye yake zaɓar mata. Kaza kuwa da ranta take saye, a yanka a fige tana tsaye.

Wajen mai wake na ɗauka na yi kamu. Na dumbuza na baza a tafin hannu, babu ƙwaro ko guda, na ce lallai an zuba masa magani. Dattijon ya gyara hula ya ce, "Alhaji, in da ƙwaro ku ce ya lalace, in babu ku ce mun sa guba. Sabon wake ne, shekaranjiya aka sussuko shi. Ko in nemo maka ƙwaron in zuba?" Maƙwabtansa suka kwashe da dariya. Muka juyo gida ina cike da tsoro. Gobe zan koma Azare, abin da ke neman ran tsohuwar nan kuma yana nan inda yake.

Da la'asar muna zaune a ɗakin Gwaggo har da Maman Rifkatu, sai Gwaggo ta ce da uwargida, "'Yar nan, durƙusa ki leƙa ƙarƙashin gado, bayan akwati. Jawo mini samirar nan." Aka jawo samira ɗaure da tsohon ɗankwali. Gwaggo ta karɓa, ta kwance ƙullin da kanta tana murmushi.

"Kasonka ne na layya, Babana. Cinya ce da hanta. Na ɓoye don kada yaran unguwa su cinye maka."

Tana ɗaga murfin warin ya cika ɗakin. Naman ya sha damina a rufe, hunhuna ta lulluɓe shi fari da kore, man da ke ƙasa ya yi kauri ya canja launi. Maman Rifkatu ta dafe ƙirji, ita duk a zatonta naman Sallah ya ƙare tuntuni. Gwaggo kuwa ba ta gani, hancinta ma ya daɗe da daina jin wari. Ta sa hannu tana laluben tsoka mai kyau.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Duk ranar da ka ce gobe kana tafe, sai na buɗe na tauna guda biyu, in tabbatar bai lalace maka ba."

Sau uku na ce mata ina tafe. Sau uku ta kwanta.

Na riƙe hannunta kafin ya kai bakinta. Na so in yi mata dabara, in ce zan tafi da shi gida yara su samu, amma na ga in ban faɗa mata gaskiya ba wata rana za ta sake. Na ce, "Gwaggo, naman nan ya lalace. Shi ne ke sa ki ciwo."

Ta shafa gefen samirar. Sannan ta ce, "To ai ba laifin naman ba ne, Babana. Ranar da aka soya shi babu abin da ya same shi."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, hawaye kuma suka zo ba tare da na shirya ba. Na ɗauki naman na fita bayan gida, na haƙa rami na binne shi, don kada wani ya tsinta a bola. Da na dawo na nemi gafarar Maman Rifkatu a gaban kowa. Ta ce ba komai, ta ɗumamo gwaten nan da na ture da safe. Na cinye kwano biyu, ban shinshina ba.

Ranar Lahadi da hantsi muka kamo hanya, kafin la'asar muna Azare. Har yanzu ina duba man kifi da hannun ayaba, wannan hali ba zai bar ni ba, kuma ina ba ku shawara ku ma ku riƙa dubawa. Amma in kuna da tsoho a gida, ku leƙa ƙarƙashin gadonsa ma, ku ga abin da yake ajiye wa wanda ya ce yana tafe. Na zagaye kasuwa guda ina tuhumar bayin Allah, alhali mai laifin tare muka taso daga Azare, a kujerata yake zaune.

Da muke sallama Gwaggo ta sa an wanke samirar an mayar ƙarƙashin gado. Ta ce baɗi ma za ta ajiye mini kasona. Na san za ta ajiye, na kuma san za ta ɗanɗana. Don haka baɗi, in Allah ya kai mu da rai, ni zan riƙe ƙafar ragon.