Akuyar da Andrawus Ya Kai wa 'Yan Majalisa

Duk wanda ya zauna a bayan tashar jirgi ta Kafanchan a shekarun nan ya san Andrawus, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai baƙar kwat da ta koɗe ta koma ruwan toka, wanda kan wuce da safe yana jan akuya a hankali kamar mai raka 'yarsa makaranta. Maƙwabcinsa Ƙasimu, mai sayen citta a kasuwa, shi ya laƙaba masa Ambasada. Sunan ya zauna daram, har matarsa Hellen takan kira shi da shi in ya ba ta haushi.

Asalinsa mutumin Ungwan Zamani ne, wani ƙauye a bayan Kwoi inda ba a noman komai da gaske sai citta. Ya zo Kafanchan yana saurayi ya kama aikin reluwe, shi ne mai juya layi idan jirgi zai shigo. Ya yi aikin har gashinsa ya fara fari, sai aka rage ma'aikata a tamanin da takwas, aka haɗa da shi. Tun daga ranar ba shi da wata magana sai ta komawa gida. Zai gyara ɗakin mahaifinsa, ya yi noma kusa da wansa Abednego, ya tsufa a cikin mutanen da suka san shi tun yana yawo ba wando. Bana ya ce sai yara sun gama makaranta, baɗi ya ce sai fansho ya fito. Da ya tashi da gaske, har ya sayar da kekensa ya ɗaure tukwanen Hellen, sai wannan magana ta faɗo masa.

Ciwon Ungwan Zamani rafi ne. Da rani ana ƙetarewa ruwa iya gwiwa, da damina kuwa sai dai a tsaya a yi wa juna ihu daga gaɓa zuwa gaɓa. Mota ba ta shiga. Mata ke ɗaukar buhunan citta a ka har bakin titi, masu saye kuma sun san wanda ya sha wannan tafiya ba zai koma da kayansa ba, sai su taya yadda suka ga dama. Ƙasimu kansa bai taɓa musun haka ba, yakan ce shi bai haƙa rafin ba.

A farkon casa'in da biyu, bayan an yi zaɓe, aka buɗe majalisa a Kaduna. Jam'iyyu biyu ne kacal a lokacin, masu doki da masu mikiya. Sai ga labari a rediyo cewa wasu 'yan majalisa daga ɓangarorin biyu sun haɗa kai, sun kira kansu Abokan Manoma, wai in maganar manomi ta zo sun ajiye jam'iyya a waje, bakinsu ɗaya. Shugabansu wani Alhaji Jamiluddeen ne na mikiya, mataimakinsa kuma Onarabul Meshak na doki, tsohon malamin firamare, ɗan yankin citta.

Ƙungiyar manoman citta ta ƙauyen ta zauna a gindin mangwaro ta ce to, ga ƙofa ta buɗe, a aika a roƙi gada. Da aka zo kan wanda za a aika, ba a yi gardama ba. Andrawus ya san Kaduna, ya san mutanen jirgi, kuma duk ƙauyen shi kaɗai ke da kwat.

Su mutanen Ungwan Zamani suna da yadda suke roƙon babban abu. Ba a zuwa da baki kawai, ana tura ɗan aike da akuya. Ya faɗi buƙata, ya miƙa igiya. In wanda aka roƙa ya kama igiyar, ya ɗauki alkawari ke nan. In ba zai iya ba, sai ya ce a'a da bakinsa, a dawo da akuyar a yanka kowa ya ci, magana ta mutu ba gaba. Amma kafin ɗayan biyun ya faru, akuyar ba a sayar da ita, ba a yanka ta, shi kuma ɗan aiken ba ya taka ƙasar ƙauyen. A da can, wannan ba ya wuce wuni guda, don wanda ake roƙo yana bayan dutse ne kawai.

Hellen ta ce a ba shi akuya biyu, tunda jam'iyya biyu ce. Aka kai maganar wurin Baba Kumai, dattijon ƙungiyar, ya ce sam. Mutane sun fito a rediyo sun ce bakinsu ɗaya, kai kuma ka kai musu akuya biyu, ai ka ce musu maƙaryata ke nan. Aka ba Andrawus wata ja mai farin goshi, aka yi addu'a, aka raka shi har bakin rafi.

Da ya isa Kaduna sai ya tarar Abokan Manoma ba a majalisa suke zama ba, a wani otal ne. Wata ƙungiya ta manyan dillalan citta masu fitar da ita waje ce ke kama musu zauren, ita ke kawo shinkafa da kaza da lemo. Sakataren dillalan, wani mai laktaye da ƙamshin turare, shi ke tsaye a ƙofa yana cewa wane shiga, wane jira. Ya dubi Andrawus, ya dubi akuya, ya nuna masa inuwar wata bishiya.

Da rana ta karkata sai ga onarabul biyun sun fito tare suna dariya, da 'yan jarida a bayansu. Andrawus ya gyara kwat, ya rusuna, ya faɗi maganar gada tiryan-tiryan kamar yadda aka ba shi, sannan ya miƙa igiya a tsakiyarsu, daidai tsakiya, don kada ya fifita wani.

Alhaji Jamiluddeen ya mayar da hannuwansa baya, ya ce ai Meshak ne ɗan yankin, shi ya dace. Meshak ya sa nasa a aljihu, ya ce ina shi ina riga shugaba. Kowa ya yabi akuyar. Alhajin ma har ya ce ta yi ƙiba mai kyau. Suka ce za su duba, suka shiga mota daban-daban.

Mai laktayen ne ya ji tausayinsa ya fahimtar da shi. Ya ce, "Baba, in na mikiya ya karɓa, gobe masu doki za su ce yana cin akuyar yankinsu. In na doki ya karɓa, masu mikiya su ce ya sayar da kwamiti. Nan ba a kawo abu da rana a gaban kamara. Kowa ana binsa gida, da nasa daban." Ya ƙara da cewa su dillalai babban sito suke nema a Kaduna, kuma maganar ta yi nisa, ta gada sai ta jira.

Andrawus ya aika ƙauye a ƙaro akuya. Amsar Baba Kumai ta dawo cewa ba a ƙari a kan akuyar da ta riga ta tafi, in an yi haka su da kansu sun raina ta farko. Sai ya bi onarabul biyun gida da akuyarsa ɗaya. Alhajin ya ba shi shayi, ya ce ba ya karɓar komai a bayan mataimakinsa. Meshak ya ba shi kujera, ya tambaye shi lafiyar 'yan ƙauye ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya ce a bari sai kwamiti ya zauna.

Haka aka shiga zirga-zirga. Jirgi in ya samu, mota in babu, shi da akuya. Masu gadin otal suka saba da ita har suna ajiye mata ɓawon ayaba. A gida kuwa Hellen ta kwance tukwanenta. Akuyar ta cinye mata alayyafon bayan ɗaki, ta tsallaka ta ci gefen tabarmar Ƙasimu. Ana nan sai ta haifi tagwaye, ba wanda ya san a Kaduna ta samo ko a Kafanchan. Ƙasimu ya leƙo ta katanga ya ce, "Ambasada, barka. Ga shi ta fi Baba Kumai wayo. Ɗaya na doki, ɗaya na mikiya." Andrawus bai yi dariya ba. Ya ce 'ya'yan ba a aike su ba, uwar aka aika.

Kirsimeti ya zo, Hellen da yara suka tafi ƙauye kamar kowa, shi ya zauna ya dafa wa kansa doya. Matar Ƙasimu ce ta aiko masa da miya. Wannan bai dame shi ba kamar abin da ya biyo baya. Da damina ta ja baya, wansa Abednego ya kwanta, bai tashi ba. Andrawus ya je har bakin rafi ya tsaya. Yana jin waƙar zumuntar mata daga majami'a, yana hango mutane suna bin akwatin zuwa bayan gari. Fasto ya ƙetaro da kansa ya ce masa wannan al'ada ce ta da, Ubangiji ba zai kama shi da laifi ba, ya zo ya zuba wa ɗan'uwansa ƙasa. Andrawus ya ce gaskiya ne Fasto, ya sani. Amma bai ƙetare ba. Ya ce in ya shiga hannu wofi, gobe ba wanda zai ƙara yarda a aike shi, kuma ba za a ƙara yarda da akuyar kowa ba.

Daga nan ya daina gyara kwat in zai fita. Ya daina faɗin maganar gada tiryan-tiryan, sai dai ya miƙa igiya kawai. Har ya kai yana roƙonsu su ce a'a. Ya ce wa Meshak ba ya neman gada kuma, kalma ɗaya yake nema ya tafi gida. Meshak ya riƙe baki, ya ce ta yaya zai ce wa Ungwan Zamani a'a, mutanen da suka yi masa layi a rana lokacin zaɓe.

Ƙarshen casa'in da uku sojoji suka dawo, aka rushe majalisu duka. Andrawus ya ji a rediyon Ƙasimu. Sai ya tambaya, ba da kowa yake ba, yanzu wa zai ba shi amsa. Hellen ta ce ya yanka tsinanniyar akuya su ci, wa zai sani. Ya ce shi zai sani.

Ana saura kaɗan Kirsimeti, Ƙasimu ya dawo daga tashar mota da safe yana haki, ya ce Ambasada ya tashi maza, ga onarabul ɗinsa can yana jiran motar Kwoi. Andrawus ya ja akuya ya tafi. Ya sami Meshak zaune a kan katifa naɗaɗɗiya, da fanka a gefe da buhun littattafai, ba direba, ba 'yan rakiya. Ya rame. Suka gaisa kamar mutanen da suka yi jinya a ɗaki ɗaya.

Andrawus ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ba kamara, ba kwamiti. Ka ce a'a in tafi gida."

"Baba Andrawus, ni yanzu wane ne da zan ce a'a? Ko kujerar ofis sun karɓe."

"Dattawa ba kujera suka aike ni wurinta ba."

Meshak ya kalli akuyar yana lissafi a ransa. Sojojin nan ba za su dawwama ba, wata rana za a sake zaɓe, kuma Ungwan Zamani ba sa mantuwa. Ga shi zai shiga gida da katifa da fanka, bikin Kirsimeti a gaba, ba ko kaza. Ya miƙo hannu ya kama igiyar. Ya ce ya karɓa, a gaya wa dattawa gada tana nan zuwa da yardar Allah.

Andrawus ya dubi hannunsa da babu komai a ciki. Ya san abin da aka ba shi. Lokacin da mutumin ke da ikon yin gada bai kama ba, sai yau da ko kwalbati ba zai iya sawa ba. Amma ya kama, a gaban direbobi da masu sayar da rake. Yaran mota suka ɗaure akuyar a saman kaya tana kuka, suka caji onarabul kuɗinta.

Washegari Andrawus ya naɗe wando ya ƙetare rafi, Hellen na bayansa da ƙullin kaya a ka. Kabarin wansa ya fara zuwa, ya daɗe a can. Sannan ya zo gindin mangwaro inda ƙungiya ta taru, ya faɗi yadda aka yi, bai rage ba bai ƙara ba: an kama igiya, a tashar mota, bayan an rushe majalisa, kuma mataimaki ne ya kama, ba shugaba ba.

Nan gardama ta tashi. Wasu suka ce kamu kamu ne. Wasu suka ce hannun da ba shi da kujera ba hannu ba ne, akuya kawai aka yi asara. Wani ya ce to tagwayen fa, na ƙungiya ne ko na onarabul? Baba Kumai ya ce a bi a hankali, in ta kama a sake aikawa wurin sababbin shugabannin da aka kawo, sai a sake. Da ya faɗi haka, idanu suka fara juyowa suna neman mai kwat.

Andrawus ya riga ya cire ta. Ya miƙa wa wani ƙanen Hellen da ke tsaye kusa, ya ce ya gwada ya gani ko ta yi masa. Sannan ya koma bayan taron ya jingina da bangon ɗakin mahaifinsa, ya miƙe ƙafafu a ƙasa. Ana ta musu a kan ko amsar da ya kawo amsa ce, shi kuwa barci ya riga ya ɗauke shi.