Keken Malam

Wutar da Iya take tuƙa tuwo ba ta mutuwa da wuri. Idan an idar da magariba an ci abinci, sai ta tura guntayen itacen ciki, ta jawo kujerarta 'yar tsugune, mu jikokinta mu kewaye murhun kafin a kira isha'i. A Tudun Wada muke, a shekarun da Minna ta fara cika da baƙin ma'aikata. Daga tsakar gidan ana jin kukan jirgin ƙasa idan ya doso tasha, kuma duk sa'ad da ya yi, Iya takan dakata da magana har ya gama.

Kakanmu, wanda take kira Malam, a reluwe ya yi aiki har ya rasu. Ban san shi ba. Sunansa kawai na ci, shi ya sa Iya ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Maigida. Abin da ya bari shi ne baƙin keke irin na da, mai nauyi, yana rataye a zaure. Duk Juma'a takan goge shi da tsumma. Ba mai taɓa ƙararrawarsa.

Idan za ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, Iya."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta gorar iri. Wai an yi yunwa a wani ƙauye har aka cinye irin shuka. Da ruwa ya sauka, sai aka tuna da wata gora da wani masassaƙi ya bari cike da irin gero, ya yi mata marfin itace wanda ake murɗawa. Aka kira wani ƙato ya buɗe. Wata tsohuwa tana gefe tana kaɗi, ta ce, "Masassaƙin nan fa bahago ne." Ba wanda ya waiwayo. Ƙaton ya murɗa ta inda kowa yake murɗawa, marfin ya ƙara ɗaurewa. Ya ciji leɓe ya ƙara ƙarfi. Wuyan gorar ya karye, irin ya watse cikin yashi, zabi suka sauko suka tsince shi tas.

Mukan yi ta dariya, don Iya tana kwaikwayon nishin ƙaton. Ni kuma kullum tambayata ɗaya ce.

"To me ya hana tsohuwar ta ɗaga murya?"

"Ai ta faɗa, Maigida. Kunnensa ne ya tafi kasuwa. Kai ma naka kunnen na gan shi jiya a wajen masu rake."

Daga nan sai ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Na sallame ta, ta koma inda ta fito."

Da na kai shekara goma sha tara, na bar makaranta, aka kai ni koyon gyaran keke wajen Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, mai rumfa a bakin kasuwa. Wata uku na yi, ban wuce faci da ɗaure birki ba, amma a gida ina tafiya kamar ni na ƙera keke. Lokacin idon Iya ya fara rauni. Wata rana ta kira ni zaure.

"Maigida, tunda ka zama injiniya, ka tayar mini da keken Malam. Ina so in ji ya shigo gidan nan da ƙararrawa sau ɗaya, kamar yadda yake shigowa da, kafin in bi shi."

Na sauke shi. Fedojin sun ƙi juyawa. Matsalar tana can ƙasa, a ramin da ke gindin firam, wato ƙarfen jikin keken, inda sandar da ke riƙe fedoji take juyawa a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ake kira boris. Murfin ƙarfe biyu ne suke rufe ramin, ɗaya hagu, ɗaya dama ta wajen kaca. Da na kai wa Baba Yohanna, da ya gama shi kafin azahar. Ban kai ba. Na ari sufana da guduma, na kira abokaina biyu su zo su ga aiki.

Na buge ƙusoshin da ke riƙe fedojin, na cire su. Murfin hagu ya kwance ba gardama. Na zare sandar, boris suka zubo cikin kwano, jajaye da tsatsa, wasu a farfashe. Saura murfin dama. Na murɗa shi hagu kamar kowane noti. Ko motsi. Na zuba kananzir, na sake. Ko motsi.

Iya tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi. Ta ce, "Malam duk shekara kafin damina yake buɗe wurin nan ya sa mai. Na wajen kacar, ta can nake ganin yana juya shi." Ta nuna dama da hannu.

Abokaina suka yi dariya. Na ce, "Haba tsohuwa, ke da ko hawa ba ki taɓa yi ba? Ki bar masu aiki su yi aikinsu."

Ta ci gaba da jan carbinta.

Na samo dogon bututun ƙarfe na zura a hannun sufanar, abokaina suka danne keken, na hau da dukan nauyina. Na ji ya saki, har na fara murmushi. Ba kwancewa ya yi ba. Haƙoran cikin ramin ne suka cinye, ƙarfen firam ɗin ya tsage tsawon ɗan yatsa.

Na ce wa Iya tsatsa ce ta riga ta cinye shi, ba yadda za a yi. Ta shafa wurin da yatsa, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce, "To. A mayar da shi inda yake."

Washegari na ba Baba Yohanna labari kamar wani ne ya yi. Bai ko ɗago daga tayar da yake faci ba. Ya ce, "Na dama ai baya-baya ake kwance shi, yaro. An yi shi haka ne don kada ya saki in ana tuƙi. Wane jaki ne ya yi wannan aiki?" Na ce ban san shi ba.

Iya ta ƙara shekara huɗu. Ta ci gaba da ba ƙannena tatsuniya, amma ban sake jin ta gorar iri ba. Ta ci gaba da goge keken duk Juma'a, da tsagar da komai. Ta ci gaba da ce mini Maigida. Sau da yawa na tsaya a ƙofar ɗakinta da niyyar in faɗa mata gaskiya, sai in gaishe ta in wuce. Na san ta sani. Wannan bai sauke mini faɗar ba.

Bayan rasuwarta da shekaru, na riga na buɗe rumfar kaina, na sauke keken. Na yanko gindin wani mataccen firam, mai walda ya haɗa mini. Na sa sabbin boris da giris, na ɗaura murfin dama ta inda Malam yake ɗaurawa. Rabin yini aikin ya ci. Da la'asar na tuƙo shi, na shigo zaure, na kaɗa ƙararrawa.

Na zaci zan yi kuka, ko in ji sanyi a raina. Ban ji komai ba. Ɗakin Iya an mayar da shi wurin ajiye masarar da ake kawowa daga ƙauyen Garatu. Wata kaza ta fito daga ciki, ta dube ni, ta koma.

Na fi shekara talatin ina kwance wannan murfi a kekunan mutane, hannuna yana bin dama ba sai na yi tunani ba. Ina yaro na ɗauka laifin tsohuwar ne da ba ta ɗaga murya ba. Yanzu na san ƙaton ya ji ta sarai. Mutane ne suke kallonsa.

Keken yana rataye a zaure. Ni nake goge shi ran Juma'a.