Kakar Baturen Ba Mayya Ba Ce

Shekarun baya, ina da rumfa a bakin iyakar Jibiya, inda nake karantar da direbobi Ajami idan layin motoci ya tsaya. Daura da ni akwai wata tsohuwa, Bamagujiya daga Daddara, mai sayar da saiwoyi, tana kuma bugun ƙasa. Yaron wani direba ya kwanta ciwo, sai aka ce ita ta kama masa kurwa. An shirya bayan la'asar za a tuɓe ta, ta tsallaka yaron a bainar jama'a. Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar tawada ce kaɗai damuwata.

Ran nan wani dattijon Baturen Ingila mai zuwa Maraɗi ya fake a rumfata. Yana jin Hausa, amma da gargada. Da ya ji zancen, sai ya ce, "Ai kakar kakata ma mayya ce."

Nan take direbobi suka dare, benci ya zama nasa shi kaɗai. Ni ma na ɗan ja buzuna.

Na ce, "Bature, me take yi?"

Ya ce a ƙauyukansu na da, idan saniya ta ɓata, wurin irinta ake zuwa, ta rataya rariya a bakin almakashi tana kiran sunayen waɗanda ake zargi. Tana kuma cusa ƙusoshi a kwalba a binne a ƙofar gida don korar maita.

"To ai bokanya ce, ba mayya ba."

Ya ce, "Malam, ran da aka ga saniya, bokanya ce. Ran da saniya ta mutu, ɗayan sunan suka kira ta, suka yaye mata rufin ɗaki."

Na tashi na je wurin tsohuwar. Na ce, "Inna, sam mini ruwa." Ta miƙo goranta, na sha a gaban kowa.

Uban yaron ya ce, "Malam, kurwarka fa."

Na ce, "Tana hannun Wanda ya yi ta. Ka kai yaro asibiti. Mai son tuɓe Inna ya fara da rawanina."

Ba wanda ya matso. La'asar ta yi, ta wuce.

Har gobe ban yarda da duba ba, na rariya ko na ƙasa, kuma na faɗa wa Inna haka, ta yi dariya. Amma ban ga inda Allah ya halatta mini mutuncinta ba. Wasu sun daina zuwa karatu wurina. Ruwan dai na sha, kuma da sanyinsa.