Baƙin Agwagi a Tafkin Bayan Gida

Da na leƙa ta katanga da safe sai na ga baƙin agwagin ba su tashi ba. Sanyi ne ya kawo su tafkin bayan gidanmu, ƙanana masu farin zane bisa ido. Sati biyu ina kallonsu, yau ga bakwai kwance cikin laka.

Inna ta ce, "Haka namu agwagin sunka fara mutuwa shekarar gubar dalma, sannan yara sunka bi."

A tafkin masu haƙar zinariya ke wanke ƙasa, ni kuwa da ruwansa nake alwala.

Kwana uku na jira sakamakon gwajin jinina a asibitin Anka. Ranar Laraba bayan azahar ma'aikaciyar jinya ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanwata, jininki lafiya lau." Duk da haka ban sake alwala da ruwan tafkin ba.