Ƙwaryar da Injiniya Isiyaku Bai Ɗora Mini a Ƙirji Ba

Da shigowar sanyin bana Injiniya Isiyaku ya cika shekara tara da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Sai da na sake lissafi kafin in yarda, don har yau idan wayata ta yi ƙara da safiyar Asabar sai in ji kamar shi ne zai ce, "Malam Bulus, a gyara mana ɗaki, muna tafe da kaya." Ni a Aston nake zaune cikin Birmingham tun ina da baƙin gashi, shi kuwa a Manchester ya yi rayuwarsa, a unguwar Withington. Shi Bakano ne, musulmi, mai zanen gadoji. Ni daga kudancin Kaduna na fito, ina cikin mawaƙan cocinmu. A wani bikin suna muka haɗu, gurmi kuma ya hana mu rabuwa.

Ga 'ya'yanmu da suka tashi a nan ba su san gurmi ba, 'yar ƙwarya ce ake rufe bakinta da fata, a soka mata sanda, a ɗaura tsirkiya biyu ko uku. Kakan Isiyaku na wajen uwa shi yake haɗa wa makaɗan ƙauyensu, a gabansa ya koya. Da rana injiniya ne mai ɗaura taye, da yamma sai ya shige garejin gidansa, inda mota ba ta taɓa kwana ba, ya zauna tsakanin ƙorai da fatun awaki. Duk mai dawowa daga gida, wasu su yi masa saƙon kilishi da yaji, Isiyaku ƙwarya yake saƙo. Mutanenmu sun sha gulmarsa, wai injiniya guda ya rasa abin yi sai sana'ar makaɗa, shi kuwa ko a jikinsa. Wannan garejin ne 'yarsa Rukayya ta ce mini za ta kwashe bana, ta rufe sana'ar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Isiyaku ba ya ajiye gurmi haɗaɗɗe yana jiran mai saye, sai 'yan kaɗan na nuni. Idan kana so, ka zo gida. Hajiya Binta, matarsa, za ta kawo tuwo ka ci ka ƙoshi, don ya ce shi ba ya auna muryar mutum yana jin yunwa. Sannan ya kai ka gareji, ya rufe ƙofa, ya ce ka yi waƙa, kowace iri ce. Kana cikin yi zai ɗauko ƙwarya ya kifa maka a ƙirji, ya ɗora tafin hannunsa a bayanta, ya rufe ido. Ya ajiye, ya ɗauko wata. Wadda ya ji ta ɗauki rawa a hannunsa tare da muryarka, ita ce taka, a kanta zai yanka sanda ya ja fata. Na ga likitoci, na ga ɗaliban jami'a, na ga wani tsohon Bature mai koyar da kiɗa, duk sun tsaya a garejin nan da ƙwarya a ƙirji suna jin kunya.

Ni kaɗai ya hana. Duk lokacin da na ce a auna ni, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Wannan muryar ta Lahadi ce, aro ka yi. Ranar da ka yi waƙa da muryar da kake kiran awaki a garinku, zan ɗora maka ƙwarya." Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, ni nake jan siririyar murya a coci. Na kan ce masa kishi ne kawai, shi da ko tafi ba ya iya yi daidai. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, kowa yana ganin akwai lokaci, har ciwon zuciya ya ɗauke shi ban samu gurmina ba.

A zamanin nan da nake faɗa, babban baje kolin kayan kiɗa da ake yi a Birmingham shi ne sallar masu wannan sana'a. Manyan kamfanonin jita da fiyano da ganguna kowa ya kafa rumfarsa kamar gidan bene, da fitilu da lasifika. Masu kantuna su zo daga ko'ina su ga sabon kaya, su yi oda ta shekara. Duk wanda ba a gan shi a can ba, sai a fara tambaya ko ya karye ne. Isiyaku yakan kama 'yar rumfa can ƙurya kusa da ƙofar masu shara, ya sauka a gidana. Matata Saratu ta dafa mana shinkafa mu tafi da ita a kula, mu ci a tsaye. Danshin ƙasar nan yana sa fatar gurmi ta saki, a gida da sai a gasa ta a bakin wuta, a can kuwa wa zai bar ka ka hura wuta? Sai ya ari na'urar busar da gashi ta Saratu, ya tsuguna bayan tebur yana bi da fatun ɗaya bayan ɗaya, Turawa suna leƙe. Ina kewar wannan hayaniya, ba zan ɓoye ba. Mu biyu ne da kaftani a cikin dubban mutane, muna jin mun kawo garinmu tsakiyar duniya.

Amma wurin bai taɓa karɓar aikinsa ba. Gurmi ba ya ihu. A gefenmu ana gwada ganguna, a gabanmu wani saurayi yana tsage jita ta lasifika, sai ka ga yatsun Isiyaku suna motsi a kan tsirkiya ba ka jin komai. Mutane su ɗauka, su juya, su ce abin sha'awa ne, su tambaya ko na ratayewa a bango ne, su wuce. A shekararsa ta ƙarshe a can wata mata ta tsaya da gaske, mawaƙiya ce, ta ce tana so. Ya ce ta yi waƙa, ya ba ta ƙwarya ta riƙe a ƙirjinta, shi kuma ya taɓa bayan ƙwaryar da yatsu. Na ga fuskarsa ta canza. Ya miƙa mata wata, ita ma haka. Ya taɓa waɗanda ke kan tebur, ba sa jikin kowa, duk rawa suke yi, ƙarar wurin ta cika su. Ya ba matar haƙuri, ya ce ta same shi a Manchester. A mota ya ce mini, "Inda kowace ƙwarya take amsawa, ta wa zan sani?" Bai sake kama rumfa ba. Na yi masa faɗa sosai, na ce ya guji kasuwa ya koma gareji kamar mai jin tsoron mutane.

Yau ga shi manyan da na ce ya yi koyi da su suna bin sahunsa ɗaya bayan ɗaya. Dalilansu dai ba irin nasa ba ne gaba ɗaya. Kuɗin rumfa da na dakon kaya da na masaukin ma'aikata sun yi nauyi, ga aiki ya tsaya kwana da kwanaki. Sabon kaya kuma ba ya jiran taron shekara, a waya ake nuna shi, kafin ka shimfiɗa tebur duniya ta riga ta gani ta yi gardama a kai. Masu kantuna suna oda daga kujerarsu. Shekarun korona da aka rufe ko'ina suka nuna wa kowa cewa ana ciniki ba tare da an haɗu ba. Wasu kamfanonin yanzu sai su gayyaci mutane kaɗan zuwa masana'antarsu, su ba su abinci, su zaunar da su a ɗaki shiru su saurari kayan. Da Isiyaku yana nan, na san kallon da zai yi mini. Zai ce ashe tuwon Hajiya Binta da rufe ƙofar gareji ilimi ne, sai da Bature ya yi na gane. Sai dai ban ce zai yi murna da wayar ba, mutumin da yake son ya ji ƙirjin mai saye a tafin hannunsa.

Rukayya a Manchester aka haife ta, tana aikin haɗa magunguna a asibiti, Hausarta da ɗan karkata irin ta yaran nan. Ta iya jan fata da yanka sanda fiye da yadda take zato, kuma bayan rasuwarsa ta ci gaba da haɗawa a ƙarshen mako tana sayarwa ta intanet, duk girma ɗaya. Awon ƙirji kuwa ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta ce hannun Baba ne yake jin wannan abu, nata ba ya ji. Da aka yi mata tayin rumfa a baje kolin bana, ta kira ni ta ce, "Baffa, last try ne wannan, gwajin ƙarshe. In ban ga dalilin ci gaba ba, Umma ta samu wurin ajiye mota." Na ce ta zo, ɗakin da babanta yake sauka yana nan.

Da na shiga zauren nan, da ƙyar na gane shi. Inda manyan rumfuna suke a da, an shimfiɗa kafet an jera kujeru don kada a ga gurbin. An ba mu wuri a tsakiya, mu da muka saba da ƙofar masu shara. A karo na farko na ji gurmin Isiyaku yana magana a wannan gini, daga nesa ma ana jinsa. Shirun da ya nema ya samu, amma masu sauraron sun tafi tare da hayaniyar. Mutane suna wucewa jefi-jefi, su ɗauki hoto, su tambayi sunan shafinta, su yi gaba. Ranar ƙarshe tun la'asar ba ta yi ba Rukayya ta fara naɗe kaya.

Ina tsugune ina jera ƙorai a kwali, zuciyata a jagule, ban san lokacin da na fara wata waƙar da mahaifiyata take yi a bakin dutsen niƙa ba. Na bar jan waƙa a coci tun da numfashi ya fara gajarta, muryar ta dishe ta koma ƙasa, ba abin da za a nuna wa baƙo ba ne. Sai na ji Rukayya ta ce, "Baffa, kar ka tsaya. Tashi tsaye." Ta zaro ƙwarya daga kwalin ta kifa mini a ƙirji, ta ɗora tafin hannunta, ta rufe ido. Ta ajiye, ta ɗauko wata. Da ta kai kan wata 'yar baƙa mai tabo a gefe, sai ta buɗe ido ta dube ni, hannunta yana kanta.

"Baffa, tana rawa," ta ce. "Wallahi ina jin ta."

Muka tsaya a tsakiyar zauren muna kuka, masu kwance fitilu suna ratsa mu da tsani.

Idan na auna abin da ya rage na Isiyaku, gadojin da ya zana suna nan, motoci suna bi ba wanda ya san sunansa. Baje kolin da na ce ya yi asarar barinsa yana ƙanƙancewa a idona. Abin da bai tafi ba shi ne wannan taurin kai nasa, cewa sai ka zauna da mutum ka ji shi kafin ka yi masa abu. Rukayya ta gaya wa masu taron ba za ta dawo baɗi ba, motar Hajiya Binta kuma tana nan a bakin titi inda ta saba kwana. Baƙar ƙwaryar tana garejin Withington, an rubuta sunana a cikinta da fensir. Ranar Asabar zan hau jirgin ƙasa zuwa Manchester a yanka mini sanda. An ce kada in ci komai a hanya, akwai tuwo.