Kwabon da Baba Ya Saya da Akuya

Shekara goma sha uku ke nan cif da rasuwar mahaifina, Malam Haruna maƙerin fari na kasuwar Batsari. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in toya waina in raba sadaka, in yi masa addu'a, in share hawayena in koma aji wurin ɗalibaina ba. Bana kuwa na kasa zama wuri ɗaya. Wallahi tun makon jiya bakina ya ƙi rufuwa, har abokan aikina a makarantarmu ta Safana suna tambayata ko kujerar Makka aka ba ni. Ba kujera aka ba ni ba. Sunan Baba aka wanke, kuma sai na faɗa wa kowa da kowa.

Duk wanda ya girma a Batsari a zamaninsa bai san shi da Malam Haruna ba, Haruna Kwabo ya sani. Ni kuwa na tsani sunan nan tun ina ƙarama, na sha dambe a kansa a bakin rijiya. Ga yadda aka yi ya samo shi.

Yaran yanzu ba su san kwabon Turawa ba. Jan ƙarfe ne mai tauraro, da huji a tsakiyarsa, don a zura shi a igiya kada ya ɓace. Bayan an daina ciniki da shi, mata suka mayar da shi kayan ado, a jera a zare a rataya wa yarinya, ko a kitse shi cikin gashi. Wata ranar kasuwa wani dattijo daga Zakka ya kawo wa Baba kwabo guda wanda ba shi da huji ko alama. Ya ce tun yana saurayi yake ajiye da shi, domin babu mai kayan da ya taɓa yarda ya karɓa, kowa cewa yake jabu ne. Yanzu so yake a huda masa ya rataya wa jikarsa. Aikin da bai kai a hura wuta ba.

Baba ya juya kwabon nan, ya sake juyawa, ya ɗaga shi a rana, ya sake shi a kan uwar maƙera ya saurari ƙararsa. Sai ya ce ba zai huda ba, a sayar masa. Dattijon Zakka ba yaro ba ne, ya ga yadda idon maƙeri ya yi, sai ya ce shi ba ya sayarwa sai dai a ba shi akuya. Wasa yake yi fa! Baba ya tashi ya zo gida ya kwance jar akuyarmu mai ciki, ya ja ta har kasuwa, ya haɗa wa mutumin da wani kwabon mai huji don jikar tasa. Ƙanwar Baba, Goggo Abu, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta bi shi har ƙofar gida tana salati da hannu a ka.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa. Wanda ya fi kowa yaɗa shi amininsa ne, Baba Ɗanlami mahauci, wanda rumfarsa ke kallon maƙerar. Shi ya laƙaba sunan. Ba da mugunta ya fara ba, na yarda, amma bakinsa ba shi da linzami. Cewa ya yi wani maƙerin ne ya toshe hujin da narkakken ƙarfe ya goge, aka kawo wa Haruna ya saya da akuya mai ciki. Aka yi dariya. Amma dariyar ta bar tabo, domin maƙerin fari da idonsa yake cin abinci. Mata ne ke kawo masa azurfar iyayensu ya narka ya yi musu zobe da awarwaro, sai ga wasu suna cewa wanda bai gane toshi a kwabo ba, yaya zai gane azurfa da gauraye? Na san gidaje da suka daina aiko masa da aiki, kuma na san abin ya ci masa rai har ya koma ga Mahaliccinsa.

Bai taɓa yi wa kowa gardama ba. Abin da ya yi, ƙara tara irin waɗannan kuɗin ya yi a wani gwangwanin madara. Ya ƙulle su a tsumma biyu. Ɗaya yana ce masa kuskuren gida: sisin da tambarinsa ya zame gefe guda, sulen da rubutunsa ya fito biyu-biyu, da uban tafiyar, kwabo marar huji. Ɗayan kuma yana ce masa wahalar hanya: waɗanda amalanke ta taka, waɗanda wuta ta lasa, waɗanda yara suka daddaka da dutse. Yakan ce min, "Ɗiyata, wannan daga gidan da aka buga shi ya fito a haka, injin ne ya yi gyangyaɗi sau ɗaya. Wancan kuwa lafiya lau ya fito, duniya ce ta wahalshe shi. Kada ki haɗa su, kuma kada ki yarda a huda min kwabona."

Ina ma Baba yana raye ya ga abin da na gani a farkon damunar nan! Wata malama da muke koyarwa tare ta nuna min a wayarta yadda ake gwanjon tsoffin kuɗi a ƙasashen waje, mutane sanye da safar hannu suna ɗaukar tsaba kamar ƙwai. Waɗanda aka fi rububi a kansu su ne masu kuskuren bugu. Na ce mata ta maimaita min. Ta maimaita. Na tuna da gwangwanin Baba, na bar shayina a kan tebur. Ta hanyar mijinta na sami wani Malam Bishir da ke harkar tsoffin kuɗi a Katsina, na tura masa hoto. Ya kira ni a take. Amma da ya ji sana'ar mai kwabon sai muryarsa ta sauya.

"Maƙeri? To fa. Malama, kada ki ji haushi, amma yawancin irin wannan da ake kawo min toshe su aka yi, kuma maƙera ne ke toshewa. Sai na gani da idona."

Kun ji fa. Da can an ce an cuci Baba, yanzu kuma ana neman a ce shi ne macucin. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na danne. Na ce ya zo gidanmu na Batsari ranar kasuwa ya duba, ni zan biya kuɗin mota. Sannan na taka har gidan Baba Ɗanlami, wanda yanzu ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa rumfa, na durƙusa na gaishe shi, na ce ina so ya zo ya zama shaida. Idan toshi ne, ya ji da kunnensa ya yi gaskiya. Idan ba toshi ba ne, shi ma ya ji.

Sai ga Goggo Abu da nata aikin. Mu a gidanmu idan baƙo zai zo daga birni, ba a barin kwano ko tire da dauɗa, toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya ake sa wa a dirje har mutum ya ga fuskarsa. Na iso daga Safana da hantsi, na tarar da ita a tsakar gida ta baje gwangwanin Baba, ta fara da babban. Kwabon da na sani baƙi-baƙi, mai launin tsohuwar tukunya, ga shi yana walƙiya ja wur a tafin hannunta.

"Goggo! Me kika yi?"

"Yo me na yi? Baƙo zai taso tun daga Katsina, ki nuna masa abu duƙun-duƙun, ya ce gidan Haruna ƙazamai ne? Miƙo min sauran."

Na rarumi gwangwanin na rungume. Na riga na ji daga bakin Malam Bishir cewa masu tara kuɗin nan ba sa son a wanke, wannan duhun na shekaru shi ne shaidar tsufansa. Na rasa kuka zan yi ko dariya. Baba ya hana a huda, bai taɓa tunanin ya hana a dirje ba.

Da Malam Bishir ya zauna a zaure ya ga kwabon, sai da ya dafe kai ya yi salati. Ya ce kusan rabin darajarsa ta bi ruwan tsamiya. Goggo daga bayan labule ta ce ai shi ya sani. Ya ɗora shi a ɗan sikelinsa, ya fito da madubin ƙara girma ya manna a ido, ya daɗe yana kallon tsakiyar kwabon ta gaba da ta baya. Baba Ɗanlami yana gefe a kan buzu, ya daina jan carbinsa.

"Ikon Allah," in ji Malam Bishir. "Da dauɗar tana nan, da sai in ce ƙila ta ɓoye bakin toshi. Amma Goggo ta tsiraita shi sarai. Babu gaɓa, babu sauyin launi, ƙarfe ɗaya ne tun daga baki har tsakiya. Wannan ba a taɓa huda shi ba. Daga gidan bugu ya tsallake a haka."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da nake malamar makaranta, a zaure, a gaban maza! Goggo ta karɓa daga ciki. Sannan mutumin ya kwance tsummokaran nan biyu. Na wahalar hanya ya ture gefe, ya ce ba su da wata daraja, lalacewa ce kawai, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa su ɗauka duk kuɗin da ya karkace dukiya ne. Na kuskuren gida kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wasu ƙaramin kuskure ne da ba ya ƙara komai sosai, wasu kuma ana nemansu. Amma ko guda ɗaya bai samu a ƙullin da ba nasa ba. Ya tambaye ni a wace makaranta Baba ya koyi wannan. Na ce a kan uwar maƙera.

To, ga masu tambaya ko kuskuren bugu yana ƙara wa kuɗi daraja, amsar da na samo a zauren gidanmu ita ce yana ƙarawa, idan daga gidan bugun ya fito, idan irinsa ba shi da yawa, kuma idan ba ku da Goggo Abu a gida. Ba kuɗin sayen mota ba ne, kada wani ya je ya fasa asusun kakarsa. Malam Bishir ya taya, tayi mai kyau, na ce Allah ya sa albarka, ba na sayarwa ba ne.

Nakan zauna in ƙiyasta abin da Baba zai ce da ya ga duniyar yau, inda Bature zai sa safar hannu don abin da aka yi masa dariya a kansa. Na san ba zai yi guɗa irin tawa ba. Murmushi zai yi, ya ce a zuba wa baƙo fura, ya koma bakin wutarsa. Maƙerar ta rushe, zuga-zugan sun bushe, zobban da ya ƙera sun watsu a hannun matan da ba su ma san sunansa ba. Abin da ya rage shi ne idon nan nasa da bai yi ƙarya ba, da haƙurin da ya yi shekara da shekaru yana da gaskiya ba tare da ya ɗaga murya ba.

Baba Ɗanlami ya ɗauki sandarsa ya fita. Washegari da safe ina shirin komawa Safana sai na ji sallama. Na leƙo, ga Baba Ɗanlami a ƙofar gida yana haki, riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar jar akuya mai ciki. Na ce, "Baba, ai na faɗa jiya, kwabon ba na sayarwa ba ne."

Ya miƙo min igiyar, hawaye na bin gemunsa.

"Ba ciniki na zo ba, ɗiyar Haruna Kwabo. Akuyar ubanki na maido. Ki roƙa min shi gafara idan kina yi masa addu'a."

Karo na farko ke nan a rayuwata da aka kira ni da sunan nan na amsa da ƙarfi. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Akuyar tana nan ɗaure a turken da aka kwance waccan.